Aibin Igiyar Ɗan Adda

Mahaifinmu atamfa da shadda yake sayarwa a kasuwar Garwa, sana'ar da ya gada daga nasa mahaifin wanda ya zo daga ƙasar Kano. Yana da wata al'ada da na taso ina gani har na ɗauka kowa haka yake ciniki. Idan mai saye ya nuna turmi, kafin a taɓa maganar farashi sai Baba ya warware shi a kan cinyarsa, ya bi shi da yatsa har ya tsaya a wani wuri, ya ce, "Ga aibinsa." Wani lokaci zare ne ya tsallake, wani lokaci rini ne ya ɗan koɗe a gefe. In ya duba bai ga komai ba, ba ya cewa babu. Sai ya ce, "Ban ga aibinsa ba, amma ban wanke shi ba." Daga nan ake fara ciniki.

Ni ban gaji rumfa ba. Yayata ce ta gada, wadda muke kira Adda, kamar yadda maƙwabtanmu Fulani suke kiran babbar 'yar'uwa. Ni aikin rediyo na yi, a sashen Hausa. Hausawa ba mu da yawa a nan, shirinmu gajere ne, an matse shi tsakanin na Fulatanci da na Faransanci, saboda haka kusan duk mai jin Hausa a yankin ya san muryata. In tsofaffi suna gardama a kasuwa kan wani labari, wani ya ce a bakin mai rediyo ya ji, sai a bar maganar. Ban tara wata dukiya ba, wannan yardar ce kawai abin da na tara.

Adda ɗa ɗaya gare ta namiji. Ya tafi Duwala karatu ya ƙi dawowa. A can ya yi aiki a wani wurin shaƙatawa inda ake ɗaure mutum a jikin igiyar ƙarfe ya zame daga wata bishiya zuwa wata. Shekarar da nake ba da labarinta ya dawo gida da niyyar kafa irin wannan a arewa. Ya sami wasu duwatsu biyu a bayan garin Gidar, da busasshen kogi a tsakaninsu, ya ja igiya daga kan dogon zuwa gindin gajeren. Adda ba ta fahimci dalilin da zai sa mai hankali ya biya don a rataye shi a sama ba, amma ta fahimci abu guda, kuma ta faɗa mini shi a fili.

"In abin nan ya tsaya, ya zauna. In bai tsaya ba zai koma Duwala, kuma wannan karon ba zan sake ganinsa ba sai an kira shi jana'izata."

Wata ranar Laraba ya same ni a wurin aiki, da sanarwarsa a cikin waya, da Faransanci.

"Kawu, ba ta da tsawo. Ka juya ta da Hausa, ka karanta da muryar nan taka. In 'yan kasuwa suka ji daga bakinka za su bar iyalansu su zo."

Na karɓi wayar na karanta. Kalmomi uku suka tsayar da ni.

Ta farko sunan abin ne, tiroliyen, wanda ba mu da shi da Hausa. Ya ce in ce lilo. Na ce lilo shi ne abin da yara ke hawa ranar Salla, ya tafi ya dawo, uwa tana tsaye a gefe. In na ce lilo, mata za su turo ƙananan yara da ƙannensu. Na ce zan kira shi zamiya a kan igiya. Ya ce sunan ba armashi. Na ce amma wanda ya ji shi ya san ba a ƙasa zai yi ba.

Ta biyu ita ce hamada.

"Wace hamada ce a Gidar? Inda ake noman gyaɗa da albasa?"

"Kawu, ka je da rani ka gani, ko ganye ɗaya babu. Baƙi suna son kalmar."

"Baƙi ba sa jin shirina. Masu jin shirina suna da gonaki a can."

Muka daidaita a kan duwatsu da busasshen kogi. Ya yi dariya ya ce ni kam ko gaisuwa sai na gyara wa mutum.

Ta uku tana can ƙarshe, da manyan haruffa. Ma'anarta, babu haɗari ko kaɗan. Na ajiye wayar a kan tebur na tambaye shi, "Ina aibin?"

"Na'am?"

"Aibin abin. Ina yake?"

"Haba Kawu, ai ba atamfa ba ce. Babu. Igiyar sabuwa ce, ƙwararru suka ɗaura, an gwada, an sake gwadawa."

Na daɗe ina yi wa mutane tambayoyi a gaban makirufo. Mai gaskiya yakan ɗan tsaya ya yi tunani, don yana neman amsar ne. Shi kuwa tasa a shirye take, ta fito a jere kamar karatun da aka haddace. Na ce ba zan karanta ba sai na je na gani, kuma na hau.

Ya dube ni daga hula har takalmi, wani irin duba da ban gane ba a lokacin. Sannan ya ce, "To ka zo da safe. Da safe sosai, Kawu, kafin rana ta ɗaga." Ya sake faɗa yana miƙewa. A bakin ƙofa ma ya juyo ya ƙara. Maganar da aka maimaita ba tare da an tambaya ba, ita nake rubutawa a zuciyata.

Da yamma Adda ta aiko a kira ni rumfa. Ban gama zama ba ta fara.

"Malam mai rediyo, an ce ka tsare ɗana da tambayoyi kamar jandarma. Ɗan 'yar'uwarka ne fa, ba ɗan siyasa ba."

"Adda, tambayar Baba na yi masa."

"Baba turmi yake warwarewa. Kai mutane kake warwarewa. Tun kana yaro ko kunu aka ba ka sai ka juya shi da ludayi ka ga abin da ke ƙasa."

Na ce ta zo mu je tare ranar Asabar. Ta ce za ta zo, don kada in dawo in ƙara gishiri.

Ranar Asabar ta shirya tun da hantsi, ni kuwa na yi ta jan ƙafa. Na kai mota a duba taya, na tsaya gaisuwar wani maƙwabci da ya dawo daga asibiti. Da gangan na yi. Wanda ya nace in zo da safe, akwai abin da ba ya so in gani da rana. Muka yi azahar a Gidar, Adda tana ta mita cewa na dafa ta a mota kamar dankali, sannan muka bar kwalta muka bi hanyar ƙasa. Lokacin bazara ne, zafin da ke sa ƙarfen mota ya ƙi taɓuwa. Bishiyoyi tsirara, duwatsu baƙaƙe sun hau kan juna. A raina na ce yaron bai yi ƙarya da yawa ba da ya ce hamada, amma ban faɗa ba.

Mota tana tsayawa a wurin sauka ne, wato gindin gajeren dutsen. Akwai rumfar kwano, da randar ruwa, da benci. Ya fito ya tarye mu, ya durƙusa ya gai da uwarsa, ya dubi rana, ya dube ni.

"Kawu, na ce da safe."

"Taya ce ta ɓata mana lokaci."

Na fara da abin da ke gabana. Igiyar kauri gare ta kamar babban yatsa, an naɗe ƙarshenta a jikin ginshiƙin siminti, an danne da ƙarafa masu noti. Na taɓa notin ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya bai motsa ba. Ya nuna mini birki, wani dunƙulen roba da ke kan igiyar, da sifirin a bayansa, wanda ke tare mutum in ya iso. Bayan wannan kuma an jera tsofaffin tayoyi don ko-ta-kwana. Komai sabo, komai tsaf. Har na fara jin kunyar kaina.

Sai idona ya kai kan wata igiya ta daban, ta zare, an naɗe ta an rataye a ƙusa a jikin ginshiƙin, da ƙaramar tayar ƙarfe a bakinta. Duk kayan wurin suna ƙyallin sabunta, ita kaɗai ta yi baƙi ta yi santsi, irin santsin da igiyar guga take yi in hannu ya daɗe yana bin ta.

"Wannan fa?"

"Ƙa'ida ce. Kowane wuri sai an ajiye irinta."

"An taɓa amfani da ita?"

"Wajen koya wa ma'aikata."

A cikin rumfar akwai sikeli, kowa sai ya hau kafin a ɗaure shi. Na hau. Yaron ya dubi allurar, ya dubi ma'aikacinsa, wani ƙaƙƙarfan mutum daga ƙauyen da ke kusa, wanda ba ya jin Hausa sai Fulatanci. Adda ce ta leƙo ta ce, "Ai haka yake tun fil'azal, kamar karan dawa. Abincin duniya ba ya kama shi."

"Kawu," in ji yaron, "ka kwana a Gidar mana, gobe da sassafe ka hau. Yanzu rana ta yi zafi, kada ta buge ka."

"Ranar Garwa ba ta kashe ni ba."

Wanda zai je irin wannan wurin ya san cewa kunyarsa ce za a fara taɓawa kafin ƙarfin zuciyarsa. An sa na tuɓe babbar riga da hula. An kwashe abin da ke aljihuna, waya da makulli da carbi. An karɓe takalmina aka ba ni na roba mai igiya. Sannan aka zura mini ɗamara ta ƙafafu, aka ja ta ta matse cinyoyi da ƙugu, wandona ya tattare har gwiwa. Aka ɗora mini hular kwano, aka ba ni safar hannu ta fata. Adda ta yi dariya har ta riƙe ginshiƙi.

"Wayyo, ina ma masu sauraro suna gani. Ga labaran duniya an ɗaure su kamar akuyar kasuwa."

Muka bar ta a ƙasa da ƙaƙƙarfan ma'aikacin. Ni da yaron da wani ma'aikaci na biyu muka ratsa yashin kogin muka kama hawan dogon dutsen. Hawan ya fi zamiyar wahala, kuma babu wanda ke faɗa maka wannan. Duwatsun sun ɗau zafi, ƙaya tana kama wando, ɗamara tana cizo. Na iso sama ina haki, na zauna na sha ruwa kafin idona ya washe.

A sama akwai dandamalin katako. Daga bakinsa igiyar ta miƙe ta yi ƙasa, ta yi ciki a tsakiya, sannan ta ɗan ɗaga zuwa inda Adda take, wadda daga nan ba ta fi ɗigon shuɗi ba. Kafin a sa mutum sai an fara tura buhun yashi. Suka rataya shi, suka sake shi. Ya tafi da ƙugi, ya ƙanƙance, muka ji bugunsa a birki daga nesa.

"Ka gani, Kawu?"

"Na gani. Nauyin buhun nan fa?"

"Ya kai na babban mutum."

"Ya fi ni?"

Ya ce ai kowa ya fi ni, ya yi dariya, ya juya ya kama gyaran ƙugiya.

Ya yi mini bayani, kuma a nan na yaba masa, don bai yi sauri ba. In zauna a cikin ɗamarar kamar mai zama a kujera. In miƙe ƙafafu gaba. In riƙe madaurin da ke gaban ƙirjina da hannu biyu. Kada in taɓa igiyar ƙarfen, musamman gaban 'yar tayar da ke gudu a kanta, don za ta cinye yatsu. Kada in yi ƙoƙarin tsayar da kaina, birki zai tare ni. Ya maƙala ƙugiya biyu, ya murɗa su, ya ja ya nuna mini sun kama. Na jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba.

Na yi bisimilla na ɗaga ƙafafuna.

Farkon abin faɗuwa ce zalla. Daga nan sai ɗamarar ta karɓe ni, tayar ta kama kuka a saman kaina, iska mai zafi ta cika mini baki. Na buɗe ido. Ƙarƙashina farin yashin kogi ne, da sawun shanu, da wata kuka da na gani daga sama kamar hannu a buɗe. Can gefe fadamar albasa kore shar, ita kaɗai ce mai rai a duk faɗin wurin. Wasu mata sun haƙa rami a yashin suna kwarfar ruwa. Tsoro ya sake ni. Na ji wani daɗi da ban ji irinsa ba tun ina yaro muna gangara tudun bakin kogin Binuwai da gudu. Na ce a raina na zalunci yaron nan, zan karanta masa sanarwarsa.

Sai iska ta taso daga kwarin ta dake ni a ƙirji. Kukan tayar ya fara sauka, kamar kaset in batir ya yi sanyi. Ya ƙara sauka. Ina ganin fuskar Adda sarai, ina ganin birkin, amma na daina kusantarsu. Tayar ta yi shiru. Sannan a hankali na fara komawa da baya, har na zauna a cikin igiyar, a tsakiyar kogin, na tsaya cak.

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Na san dai babu ƙara ko ɗaya sai iska. Ina juyawa a hankali kamar nama a tsinke. Ɗamarar ta fara yanka cinyoyina, ƙafafuna suka fara mutuwa. Babu wanda ya ce mini wannan yana faruwa, saboda haka abin da hankalina ya ba ni shi ne wani abu ya lalace, kuma abin da ya lalace zai ƙarasa lalacewa. Na ga hannuna na dama ya saki madauri ya tashi sama da kansa, yana neman igiyar ƙarfen, yana laluben ƙugiya. Sai da na yi masa magana kamar wani mutum dabam kafin ya dawo. Daga ƙasa na ji muryar Adda tana salati, tana kiran sunana na yarinta wanda rabon da ta kira ni da shi tun rasuwar Baba.

Ƙaƙƙarfan ma'aikacin ya ɗaga murya da Fulatanci. "Taa hulu, baaba! Mi ɗon wara!" Wato kada in ji tsoro, yana zuwa.

Duk da halin da nake ciki, na lura da yadda ya yi. Ya miƙa hannu ya zare baƙar igiyar nan daga ƙusa ba tare da ya dubi inda take ba. Ya maƙala kansa, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin igiyar ƙarfen, ya taho yana ja da hannu, ba gaggawa. Da ya iso ya gaishe ni, "Jam na?" wato ko lafiya, kamar mun haɗu a hanyar masallaci. Ya ɗaura igiyarsa a ɗamarata ya juya.

Sai na dubi ƙasa. Matan nan masu kwarfar ruwa, ɗaya ce kawai ta ɗaga kai. Ta dube ni, ta faɗa wa ta kusa da ita wata magana, ta mayar da ƙwaryarta cikin rami. Mutum rataye a sama da kansu, amma ba wadda ta miƙe. A nan na gama samun amsata: sun saba ganin haka.

Da ƙafata ta taɓa katako sai da aka riƙe ni. Adda ta kama fuskata da hannu biyu tana dubawa. Muka zauna a benci har yaron ya sauko ya ratso yashin da gudu.

"Kawu, sannu. Ka ga abin da ya sa na ce da safe."

"Na gani. Yanzu faɗa wa uwarka."

Ya share gumi. Ya ce in rana ta take, igiyar takan ɗan saki saboda zafi, iska kuma takan juyo daga kwari. Mai nauyi yana wucewa. Mara nauyi wani lokaci ba ya kaiwa. "Amma ba haɗari ba ne, wallahi. Igiyar nan za ta ɗauki sa. Ƙugiyar ba ta buɗuwa in da nauyi a kanta. Ko a kudu haka yake faruwa. Ana zuwa a jawo mutum, shi ke nan."

"Na yarda. Ni ma ga ni an jawo ni. Amma ni ban san za a zo ba. Hannuna ya kai ga igiyar. In yarinya ce fa? In mai hawan jini ne?"

"To zan riƙa faɗa musu a sama, kafin su tashi."

"Ni ka faɗa mini?"

Sai ya fashe, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Wai in na ce a rediyo mutum yana maƙalewa a sama, wa zai zo? Mutanenmu da ko lif na hawa bene ba sa yarda su shiga? Ya ce ya zuba ƙarfinsa duka a wurin nan, in na kashe shi da baki ɗaya to ya tattara ya koma inda aka san darajar aiki. Da ya faɗi haka bai dube ni ba, uwarsa ya duba.

Ni ma ita na duba. Abin da ke kan faranti nata ne, ba nawa ba. Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta.

"Ka san da wannan ranar da ka je wurin kawunka?"

"Inna, ba wani abu ba ne..."

"Ka sani?"

"Na sani."

"Ya tambaye ka ina aibin, ka ce babu."



"A rumfar kakanka ka yi rarrafe," in ji ta. "A faɗa. Kuma ba da Hausa kaɗai ba, har da Fulatanci da Faransancin."

"In ba a zo ba fa, Inna?"

"Sai ka koma Duwala in yi kukana. Amma ba zan zauna a rumfa wata ta zo ta ce ɗana ya rataye mata 'ya a sama bai gaya mata ba. Ni na ji abin da na ji yanzu, a kan wannan tsohon ƙashin ma."



Sanarwar da na karanta ta fara da inda wurin yake da abin da ake yi. Na faɗi hawan dutsen, na ce a zo da ruwa da takalmi mai igiya, mata su sa wando a ƙarƙashin zane. Na ce kayan sababbi ne, na taɓa su da hannuna. Sannan na ce, "Ga aibinsa. In rana ta take, mara nauyi yakan tsaya a tsakiya. Wanda ya tsaya kada ya taɓa komai, ya zauna, za a zo a jawo shi. Ni na hau, na tsaya, an jawo ni lafiya. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su yi kallo daga ƙasa. Da rani na ga igiyar, ban gan ta da damina ba."

Abokan aikina na sashen Faransanci suka ce ba su taɓa jin tallan da ke korar masu saye ba. Suka fassara dai, don mai sanarwar ya sa hannu, ko da yake da ƙyar.

Makonnin farko wurin ya zama kamar maƙabarta. Yaron ya daina ce mini Kawu, in mun haɗu sai ya gaishe ni da Faransanci kamar wani jami'in haraji. Adda ba ta zarge ni da baki ba, amma kwanon dambun da take aiko mini kowace Juma'a ya daina zuwa. Na ji an ce ya fara tambayar kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Duwala. Ban yi nadama ba, amma ban yi barci mai daɗi ba.

Abin da ya juya lamarin ban yi tsammaninsa ba, kuma ba zan ce hikimata ce ba. Samarin kasuwa ne suka mai da maganar abin tsokana. In siriri ya yi gardama sai a ce masa, "Kai yi shiru, kai da za ka tsaya a tsakiya." Sai a tafi Gidar ranar Lahadi don a raba gardama. Wasu ma da rana tsaka suke zuwa da gangan, su maƙale a ɗauke su hoto. Bayan su sai iyalan 'yan kasuwa suka fara zuwa da safe, tsofaffi suna zaune a benci suna kallo. Wani dattijo ya ce mini ya bar 'ya'yansa sun je ne don wanda ya faɗi aibi ɗaya da bakinsa, da akwai na biyu da ya faɗa. Na ce masa ni abin da na gani kawai na faɗa. Wurin bai cika maƙil ba, amma ya isa ya riƙe mutum. Dambu ya dawo, ba tare da wani bayani ba.

Ranar da aka yi ruwan farko, ƙasa tana ta ƙamshi, wayata ta yi ƙara bayan la'asar.

"Kawu."

Na daɗe ban ji kalmar daga bakinsa ba. "Na'am."

"An wanke turmin."

"To?"

"In igiyar ta jiƙe gudu yana ƙaruwa. Mun tura buhu ya daki birki har taya ɗaya ta faɗo. Zan rufe duk ranar da aka yi ruwa, sai ta bushe. Ka faɗa a shirinka na gobe."

"Kai za ka zo ka faɗa da bakinka. Zan ba ka makirufo."

"Hausata ba ta rediyo ba ce, Kawu. Za ka yi ta gyara ni a gaban jama'a."

"Zan gyara. Kana Gidar har ƙarshen damina?"

"Ina zan je? Inna ta sa an yi mini shuka a bayan rumfa."

Na ce madalla. Sannan na tambaye shi ko shi ke nan, babu wani.

"Wanda na gani ke nan," in ji shi.

Na ce to, zan zo ranar Asabar in duba ginshiƙan, don ban ga yadda suke ba in kogin ya kawo ruwa. Ya tambaye ni da safe ko da rana. Na ce ba zan faɗa masa ba.